Kundin Aiki: Ginin Addinin Masu Sauraro a Duniyar Zango

11 ga Janairu, 2025, Aboabo, Kumasi

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aka kwana a aikin ƙagaggen labarin kimiyyar da na daɗe ina fama da shi, musamman ɓangaren da ya fi ba ni wahala, wato addinin gargajiyar mutanen cikin labarin. Ƙashin bayan labarin ya tsaya tun bara: wani kumbo mai suna Ayari ya tashi da mutanen Afirka ta Yamma zuwa wata duniya da ke kewaya wani ƙaramin jan tauraro, kuma waɗanda suka sauka a can ba su ne suka hau a nan ba. Ma'aunin tafiyar na ɗauko shi daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowane kusa da ranarmu, wanda haskensa ke shafe shekara 4.2 kafin ya iso gare mu. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana cin kilomita 17 a daƙiƙa guda, amma da can ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Don haka na ba Ayari kashi ɗaya cikin ɗari na gudun haske, abin da babu injin da ya kai shi a yau, sai tafiyar ta dawo shekara 420 da 'yan kai.

Wannan adadi ne ya tilasta mini yin tunanin addini. Shekara 420 da suka wuce ba a ma kafa daular Asante ba, domin sai wajen 1701 sarki Osei Tutu ya karya daular Denkyira. Idan mu da muke da takardu da malamai ba mu iya kawo sunayen kakanninmu na wancan zamani ba, to mutanen da aka haifa aka binne a cikin akwatin ƙarfe har zuriya goma sha biyar ko fiye, dole abubuwa da yawa da suka fara a matsayin dokar aiki su rikiɗe su zama al'ada, al'adar kuma ta zama abin tsoro da girmamawa.

Abin da na rubuta bara a kan wannan addini na yage shi. Bokaye ne masu rufe fuska, da sunaye masu ban tsoro waɗanda ba su da ma'ana a kowane harshe, kuma da na sake karantawa sai na ga ba daga gida na samo su ba. Kalmar shaman da Turawa ke kiran irin wannan mai shiga tsakanin mutane da iskoki ma sun aro ta ne daga mutanen Ebenki na Siberiya. Ba ni da hujjar zuwa Siberiya neman abin da ke bayan ɗakinmu da sunan bori.

25 ga Janairu

Na je Asawase gaida Goggo, yayar mahaifina, wadda ta yi ƙuruciyarta a gidan kakanninta a ƙasar Katsina kafin a kawo ta Kumasi aure. Da na faɗa mata abin da ke tafe da ni, sai ta ɓata fuska, ta ce: "Kai ɗan nan, duk karatun da ubanka ya sa ka, abin da ka ga ya dace ka tono ke nan?" Na ce: "Goggo, ba yi zan yi ba, labari nake rubutawa, kuma ba na so in yi wa mutanen da ƙarya." Sai da ta yi a'uziyya, ta ɓantari goro, sannan ta fara, kuma da ta fara sai da aka kira la'asar.

Abin da na rubuto daga bakinta, na kuma gwada shi da abin da na karanta, shi ne wannan. Wanda iska ke hawa ana kiransa doki, mace kuma goɗiya. Ba a shiga da son rai. Yawanci ciwo ne da ya ƙi jin magani ke kai mutum, sai a yi masa girka, a keɓe shi kwanaki ana ba shi jiƙe-jiƙe ana koya masa zama da iskar da ta kama shi. Kowace iska tana da kiɗanta a garaya ko goge, da kirarinta, da tufarta, da abin riƙonta da ake kira tsere. Idan ta zo doki yakan yi jifa, wato ya yi tsalle ya faɗo zaune, idan kuma za ta tafi sai ya yi atishawa. Iskokin suna da birninsu, Jangare, mai gida goma sha biyu, ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne jerin su kansu iskokin. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai caca da turare da kyauta ba lissafi. Akwai Malam Alhaji, tsoho mai tari da carbi. Akwai Kuturu da Sarkin Makafi, akwai Inna Bafillatana mai tatsar nono, akwai Sarkin Rafi mai ɗanyen kai. Duk wanda ya san tsohon birnin Hausa zai ga cewa Jangare hotonsa ne: fada, da zauren malam, da bakin kasuwa inda mabarata ke zama, da rugar da ke bayan ganuwa. Ba daga sama aka zaɓo su ba. Mutanen da ake tsoro ne, da waɗanda ake dogara da su, da waɗanda ake kau da kai idan an gan su. Kuskurena na bara ke nan: na ƙirƙiro iskoki tun ban san su wane ne ke da iko da wuyan mutanen Ayari ba.

9 ga Fabrairu

Na sami shaida ta biyu, kuma a nan ƙasarmu take. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu sababbin iskoki suka fara hawan mutane, aka kira su Hauka, kuma ba kowa ba ne su illa hukumar mulkin mallaka: gwamna, da likita, da kofur, da wani da ake kira Kwamandan Mugu. Faransawa sun kama mabiyansu sun ɗaure, amma 'yan ci-rani Zabarmawa suka sauko da abin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, har aka ɗauki hoton bikinsu a bayan Accra a tsakiyar shekarun 1950. Wato cikin ƙasa da shekara talatin da zuwan Bature, har ya sami gurbi a cikin iskoki. Idan haka ta faru a wannan ɗan lokaci, shekara 420 sun isa su mayar da kowane ofishin kumbo gidan iska.

Saboda haka na zauna na tsara ma'aikatan Ayari tukuna. Na ɗauki tsarin fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda su ne asalin zangunanmu, wato unguwannin Hausawa na nan Ghana: madugu a sama, jagaba mai sanin hanya a gaba, uban dawaki mai tsaron baya, da malamin ayari mai rubutu da duba ranar tashi. Daga nan iskoki suka fito da kansu. Madugu ya zama babbansu, ba ya magana da kowa kai tsaye, sai ta bakin wani. Jagaba iska ce mai kama yara masu son lissafi, dokinta yana tafiya da baya yana ƙirga taurarin da babu mai ganinsu yanzu. Uwar Rumbu ita ce mai rabon abinci, ana sonta ana tsoronta, domin a shekarun yunwa ita ta yanke wanda za a rage wa kwano. Ɗan Walda yana zuwa da ƙaiƙayin ido da son barkwanci. Akwai kuma Mai Ƙofa, wanda aikinsa a kumbo shi ne buɗe ƙofar da ake fitar da gawa zuwa sarari. Ba a ambatar sunansa, ana cewa "na ƙarshen zaure".

Hausa ta yi mini kyauta biyu da ban nema ba. Ta farko, kalmar iska: abin shaƙa ce, kuma aljan ce. A cikin kumbo babu abin da ya kai iskar shaƙa tsada, don na'ura ce ke tace ta, idan ta tsaya kowa ya mutu, kuma idan gurɓatacciyar iska ta taru a wani lungu mutum yakan ji ciwon kai da ruɗewa. Mutumin Ayari da ya ce "iska ta kama wane" ba ya bukatar ya zaɓi wacce yake nufi. Ta biyu, kalmar doki. Babu doki a kumbo, babu wanda ya taɓa ganinsa cikin ƙarni huɗu, amma na yanke shawarar kalmar ta tsira, har yaran can su ɗauka ma'anarta ta asali ita ce mutumin da iska ke hawa. Na rubuta wata 'yar taƙaddama inda wani tsoho ya rantse cewa a dā doki dabba ne mai ƙafa huɗu, yara suka yi ta yi masa dariya.

22 ga Fabrairu

Na hau trotro, wato motar haya, zuwa tafkin Bosomtwe, wanda ke kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, na sauka a Abono. Na sha zuwa yawon makaranta, amma wannan ne karo na farko da na je da littafin rubutu. Ramin da tafkin ke ciki wani dutse ne daga sarari ya haƙa shi kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, faɗin bakinsa kilomita 10.5, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Asantawa sun ɗauke shi wuri mai tsarki inda rayukan matattu ke zuwa yin bankwana, kuma a al'ada ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, shi ya sa masunta ke hawa faskaren katako da suke kira padua suna tuƙi da hannu, ko da yake yanzu akwai kwalekwale mai inji na masu yawon buɗe ido.

Da na tsaya a bakin ruwa na ɗaga kai, sai na ga tudu ya kewaye ni ta ko'ina, nan take na san inda mutanena za su zauna. Duniyar da aka gano tana kewaya Proxima a 2016 tana gama zagayenta cikin kwana 11.2, kuma masana suna kyautata zaton irin waɗannan duniyoyi fuska ɗaya suke ba taurarinsu har abada, kamar yadda wata ke yi mana: ɓangare ɗaya rana ba faɗuwa, ɗayan dare ba wayewa, sai wani siririn yanki a tsakani mai kama da almuru. A wannan yanki na sa wani rami irin na Bosomtwe, da tafki a tsakiya, tauraron kuma yana ɓoye a bayan tudun, ba a ganin komai nasa sai jan haske a gefen sama.

Haramcin ƙarfen ma na ɗauke shi, amma na juya shi. A wurin mutanena ƙarfen Ayari ne mai tsarki: ba a narka shi, ba a yin wuƙa da shi, sai dai a yi tsere. Sunan duniyar kuwa Zango, domin tsofaffinsu sun nace cewa yada zango aka yi, Madugu zai dawo a ci gaba da tafiya. Wanda ya tashi a Aboabo ko Sabon Zango, inda mutum zai ce maka shi Bakano ne alhali kakansa ma a Kumasi aka yanke masa cibiya, ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

15 ga Maris

Muna tsakiyar azumi. Bayan tafsiri na tsaya na gaida malamin da ya karantar da ni tun ina allo, na ba shi labarin aikin, don na fi son ya ji daga bakina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ba na hana ka rubutu. Amma ka sani alƙalami yana ƙawata abin da ya taɓa, kuma shirka ba abin ƙawatawa ba ce." Na ce: "Allah gafarta Malam, idan na cire abin gaba ɗaya, na yi ƙarya game da ɗan Adam, idan kuma na mayar da masu yinsa dodanni, na yi wata ƙaryar." Ya ce: "To ina masallaci a wannan gari naka?"

Ban da amsa, domin ban sa shi ba. Wannan babban giɓi ne, kuma laifin nawa ne. Borin da muka sani bai zauna shi kaɗai a birnin Hausa ba. Ya zauna gefen Musulunci ɗaruruwan shekaru, malamai suna yaƙarsa, masu jihadin 1804 sun hana shi, amma bai ƙare ba, har ma ya sa malami a cikin iskokinsa. Addinin gargajiyar da ba shi da mai musa masa ba zai yi kama da gaskiya ba. Yanzu Zango yana da liman da jama'arsa, kuma su ne masu rinjaye.

Da na tambaye shi yadda za a yi salla inda rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa, sai ya tuna mini hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta isa, aka ce a'a, a ƙaddara lokutan. Da shi malamai ke kafa hujja a kan ƙasashen da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Na ƙara masa da cewa a 2007 wani ɗan sama jannati Musulmi daga Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa cikin watan azumi, inda ake ganin fitowar rana sau 16 a yini, har malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora. Saboda haka a Zango agogon Ayari mai awa 24 yana hannun liman, kuma wannan ya ba ni rigimar da labarin ke nema: liman yana riƙe da lokaci, masu iskoki suna riƙe da wani abu dabam da shi ma garin ba zai rayu ba tare da shi ba. Saura in gano mene ne.

5 ga Afrilu

Ba a yi aikin kirki ba. Hidimar salla ta ci mako guda, sannan aka ɗauke wuta ina tsakiyar babi na shida, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa, shafi tara suka tafi. Na sake rubuta biyar daga ka, sun fi na farko gajarta kuma ina jin sun fi su kyau. Kirarin Uwar Rumbu ne kawai na kasa dawo da shi yadda yake.

3 ga Mayu

Na gano abin da masu iskoki ke riƙe da shi. Ƙananan jajayen taurari irin Proxima suna yawan yin aman wuta. Ranarmu ma tana yi: a watan Maris na 1989 irin wannan ya kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada har awa tara. Hasken aman da ƙarar da yake sa wa rediyo suna tafiya da gudun haske, amma gajimaren ɓurɓushin da ke biyo baya yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso duniyarmu. Zango ta fi mu kusa da tauraronta kamar sau ashirin, don haka ratar ta koma tsakanin awa ɗaya da awa huɗu. Wannan ya isa a kwashe yara da awaki a shiga kogo, idan akwai mai gargaɗi.

To ga mutanen da ke cikin rami, ba sa ganin tauraron. Abin da ya rage musu shi ne tsofaffin akwatunan rediyon Ayari da eriyarsu ke kan tudu, waɗanda ba sa kama komai sai shuu. Wasu mutane, bayan doguwar jinya da keɓewa, sukan iya rarrabe canjin da ke cikin wannan shuu ɗin tun kafin kowa ya ji. Su ne Masu Sauraro, kuma daga nan addinin ya sami sunansa. A wurinsu muryar Jagaba ce ke cewa a kauce hanya. Har karin magana na juya musu: mu muna cewa gani ya kori ji, su kuwa ji ya kori gani.

Girkarsu na tsara ta kwana 11, zagaye ɗaya na duniyarsu, a cikin ɗakin kumbo mai duhu, ba kiɗa ba magana. Na cire garaya da goge daga wannan mataki saboda mutumin da ake koya wa jin abin da ya fi raɗa sanyi ba za a cika masa kunne da kiɗa ba. Kiɗan sai ranar fita. Na kuma tilasta wa kaina amsa tambayar da Goggo ta yi mini da na koma wurinta: "Wa ke biya?" Ta ce a garinsu girka tana cin dukiya, akuya da zane da kuɗin makaɗa, kuma sau da yawa matan da ba su da murya a gida ne ke samun ta ta wannan hanya. A Zango dangi ke biya da kason ruwansu da na hatsi, kuma mafi yawan Masu Sauraro mata ne daga zuriyar masu shara da wankin bututu, waɗanda a zamanin kumbo ba a tambayarsu ra'ayi.

14 ga Yuni

Na karanta babi uku ga abokai huɗu a wani shago a Alabar bayan sallar isha'i. Musu ya kaure a kan abu ɗaya: iskokin nan gaskiya ne ko kuwa? Ɗaya, wanda ya yi karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, yana so a ƙarshe a bayyana cewa duk ƙarar rediyo ce da gurɓatacciyar iska. Wani yana so aljanu su fito a gan su. Na ƙi duka biyun. Idan na bi na farko, na mayar da Masu Sauraro wawayen da sa'a ke taimaka wa. Idan na bi na biyu, na yi abin da Malam ya gargaɗe ni a kansa. Labarin zai tsaya a inda mutumin Zango yake tsaye: ya ga gargaɗin ya ceci 'ya'yansa sau uku, ya ga ya faɗi ƙarya sau ɗaya har amfanin gona ya lalace, ya ji liman yana cewa haram ne, kuma gobe sai ya yanke ko zai shiga kogo.

Gyara biyu na karɓa. Na farko, sun ce Madugu ya yi kama da Sarkin Aljan fiye da kima, don haka zan rage masa sarauta in ƙara masa halin fatake, mai lissafin kwana da guzuri. Na biyu, injiniyan ya nuna mini cewa akwatin rediyo ba zai yi ɗaruruwan shekaru yana aiki ba sai da masu gyara, wanda ke nufin dokin Ɗan Walda dole ya zama mai sana'a na gaske, ana gadon aikin tare da iskar. Wannan ya buɗe mini gida guda cikin gidajen iskoki goma sha biyu, irin na Jangare, da ban gama cikawa ba.

Zuwa yau gida bakwai sun tsaya da iskokinsu da tserensu, biyar saura. Babi takwas an gama, na tara shi ne ranar da liman da shugabar Masu Sauraro za su haɗu a bakin tafki, kuma har yanzu ban san wanda zai fara gaida wani ba. Ranar Asabar mai zuwa zan koma Asawase, domin Goggo ta yi alkawarin tuno mini yadda ake jera kirari, da sharaɗin in kai mata goro fari kuma kada in kunna na'urar ɗaukar murya.